Ranar da Rubutun Ba-Gyara Ya Sauka Daga Layi

A cibiyar koyar da sana'a da ke ƙarshen titin masu walda, in ka shiga ka wuce ɗakin ɗinki da na kafintoci, akwai wani ɗan ofis mai taga ɗaya. Nan ne mazaunin mai buga takardun cibiyar, wadda kowa ke kira Malama Ba-Gyara. Ba ita ta raɗa wa kanta sunan ba, amma kuma ba a taɓa jin ta ce a daina ba. Shekara talatin da uku tana buga wasiƙu da jerin sunaye da takardun shaidar kammala koyo, kuma abin da ke bakin mutane shi ne ba a taɓa dawo mata da takarda an ce ta gyara ba. In ka yaba mata sai ta ce, "Haba, ɗan Adam ai ajizi ne," da irin muryar da ke nuna wasu 'yan Adam ɗin take nufi.

Tun zamanin tafireta ta koyi aikin, a hannun wani tsoho mai saurin hannu da ke kifa wa ɗalibansa kwali a kan yatsu don kada su ga abin da suke dannawa. Wadda ta leƙa, ta sha rula. Kullum maganarsa ɗaya ce: ido yana ruɗin mai shi, yatsa ba ya ƙarya. Su goma sha biyu suka fara, uku suka gama, ita ce ta ɗaya. Daga wajensa ta ɗauko ɗabi'ar ƙirga komai. Ta san taku nawa ne daga ƙofar cibiya zuwa kujerarta, ta san matakala nawa ce zuwa ofishin shugaba. Maigidanta ma a bakin aiki ta same shi: direban cibiyar ne a lokacin, ya kawo takardar neman hutu da ya rubuta da hannunsa, ta nuna masa kuskure bakwai a layi biyar. Ya tafi a fusace, ya dawo washegari da wata takardar, ya sake dawowa jibi. Yanzu 'ya'yansu huɗu, ya yi ritaya, kuma har yau in zai aika saƙo a waya sai ya juya mata baya.

Da kwamfuta ta shigo ofisoshi, sa'o'inta wasu suka gudu, wasu suka koma makaranta. Ita ko ta ƙare wa abin kallo ta yanke hukuncin cewa tafireta ce aka jona wa wuta. Abu ɗaya ta nema wajen mai gyaran kwamfuta na wancan lokacin: ya samo mata salon rubutu irin na tafireta, wanda kowane harafi faɗinsa ɗaya da na ɗan'uwansa. Ya samo ya saka mata. Shi ke nan, ta ci gaba da ƙirgarta. Takardar shaida daga hedikwata take zuwa, mai kauri, da ado a gefe, da tambarin guduma da almakashi a sama, da layuka uku da aka bari a cike. Ba-Gyara ta san a sauka layi tara, a danna doguwar sandar tazara sau talatin da ɗaya, suna ya zauna a kan layinsa daram. A sauka uku, tazara ashirin da huɗu, sana'a. A sauka biyar, kwanan wata. Malaman cibiya sun sha ce mata akwai hanya mafi sauƙi. Takan ce su je su koya wa masu neman sauƙi.

To, ga abin da ba wanda ta gaya wa a cibiyar. Shekara huɗu ke nan da yanar ido ta fara rufe mata gani. Da farko kamar hayaƙi, daga baya fuskar kwamfutar ta koma mata farin haske da ratsin toka-toka. 'Yarta ta biyu, mai aikin jinya, ta gane tun a shekarar farko.

"Umma, aikin minti ashirin ne fa. A cire yanar, ki huta sati uku, shi ke nan."

"Ido ne, ba maɓallin riga ba. Ki bar ni."

Ba tsoron wuƙar likita ne ya hana ta ba, ko da yake akwai shi. Hutun sati uku sai an rubuta wa hedikwata dalili, hedikwata kuwa ta daɗe tana neman hanyar da za ta sallami tsofaffin ma'aikata cikin ladabi. Mai buga takardu ta rubuta da hannunta cewa ba ta gani? Ai ta kai kanta ke nan. A lokacin da wannan labari ya faru saura mata wata goma sha huɗu ta cika shekarun aikinta. So take ta fita ta ƙofar gaba, da sunanta a hannunta, ba a ce wance da aka sallama saboda ido ba. Wannan shi ne duk abin da take tsaro.

Kuma ta iya tsaron, a gaishe ta. Ta daina karɓar rubutun hannu: "Wannan tonon kazar wa zai karanta? Zauna ka karanto mini." Malamai suka saba, su zauna su karanto, yatsunta na gudu. Ta kafa doka a ofis cewa kada a gusar da komai ko da faɗin yatsa ne. Wadda dokar ta fi faɗa wa ita ce Inna mai shara, wata dattijuwa da ba ta taɓa shiga aji ba, wadda ta sha faɗa a shekarun baya saboda ta taɓa takarda da jiƙaƙƙen hannu. Tun da aka kafa dokar kuwa Inna ba ta kuskure ba ko sau ɗaya. Kujera a inda take, kwandon shara a gefen ƙafar dama, abin maƙale takardu a kusurwar tebur. Ba-Gyara takan ce a ranta, ashe faɗa yana da rana.

Babban abin dogaronta shi ne shugaban cibiyar, wanda kowa ke ce wa Yallaɓai. A shekarun baya jan bironsa abin tsoro ne, waƙafi ɗaya ya ɓata sai takarda ta dawo kamar an yanka kaza a kanta. Wajen shekara shida ke nan da ya ajiye jan biron. Yanzu in ta kai masa takarda sai ya ɗaga ta, ya daɗe yana kallo, ya gyaɗa kai ya ce, "Ba-Gyara ce ta buga? To me zan duba?" Ya sa hannu. Ita kuwa sai ta sauko da kwanciyar rai: in da akwai kuskure, wannan mutum mai idon shaho ai da ya gani.

Ana nan, ranar wata Litinin da safe, saura kwana uku bikin yaye ɗalibai, sai ga Injiniya daga hedikwata da jakarsa a kafaɗa. Mutum ne mai fara'a da saurin magana, irin waɗanda ke tambayar lafiyarka suna duba agogo.

"Hajiya, umarni ne daga sama. Duk kwamfutocin rassa za a sabunta musu manhaja. Taku ce ma ta ƙarshe."

"Me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Ta tsufa ne."

"To ai ni ma na tsufa."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa take yi. Awa uku kwamfutar na kashe kanta tana kunnawa. Da ta farfaɗo, firinta ta ce ba ta san ta ba. Sun shekara tara a tebur ɗaya, igiya ɗaya ta haɗa su, amma yau ko gaisuwa babu. Injiniya ya yi ta fama, ya cire wannan ya saka wancan, har dai firintar ta yi tari ta amsa. Ya share gumi ya ce, "Komai naki yana nan, ban taɓa ko fayil ɗaya ba. Amma buga gwaji ɗaya mu gani kafin in tafi."

Nan fa ɗaya. Gwaji yana nufin takarda ta fito, ya miƙa mata, ya tsaya yana jiran ta duba ta ce ya yi ko bai yi ba. A gabansa. Ta gyara zaman mayafinta.

"Injiniya, gwaji na 'yan koyo ne. Kana cikin zanen goyo nake wannan aikin."

"Allah ya huci zuciyarki, Hajiya." Ya saɓa jakarsa ya yi gaba, dama wani reshen na jiran sa.

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa fayil ko ɗaya ba. Abin da bai sani ba, ita ma ba ta sani ba, shi ne sabuwar manhajar ba ta san tsohon salon rubutun nan na tafireta ba. Da ta neme shi ta rasa, ba ta tambayi kowa ba, sai ta ɗauko wani nata siriri ta maye gurbinsa. A wannan sabon salon tazara talatin da ɗaya ba ta kai rabin inda take kaiwa da ba, layi tara kuma ya tsuke ya haura sama.

Ranar Talata malamin ɗinki da na kafinta da na walda suka zo bi da bi suka karanto sunayen ɗalibansu, suka tafi. Ta jira ofis ya zama nata ita kaɗai, ta buɗe ambulan ɗin hedikwata. Takarda arba'in da takwas, ɗalibai arba'in da takwas, ba rarar ko ɗaya, kowace da lambarta. Ta dinga saka su ɗaya bayan ɗaya, firinta na ja tana turowa, da ɗumi kamar kullum, da ƙamshin tawada kamar kullum. Ta jera su ta hau matakala goma sha ɗaya. Yallaɓai ya ɗaga ta farko, ya daɗe yana kallo.

"Ba-Gyara ce ta buga? To me zan duba?"

Ya sa hannu a arba'in da takwas ɗin, ya danna hatimi. Ta sauko da su ta shimfiɗa a dogon teburin ofis don tawadar hatimin ta sha iska, ta kulle, ta tafi gida har tana yi wa maigida ba'a a kan rediyonsa.

Laraba da safe ta tarar da Inna a tsaye gaban dogon teburin, tsintsiya a hammata, hannu biyu a baya don kada a ce ta taɓa.

"Uwar ɗakina, ina kwana. Bana sabon yayi aka fito da shi ne?"

"Wane irin yayi?"

"Na ga rubutun ya bar layinsa. Da can a kan layi yake zama, kamar an yi shanya a igiya. Yanzu ga shi ya hau can sama ya kwanta a kan almakashin nan. Wannan kuma ya shige cikin wancan. Ni dai ban san karatu ba, amma ban saba ganin sa haka ba."

Ta ce wa Inna ta je ta share baranda. Ta ɗauki takarda ɗaya ta kai bakin taga, ta manna ta da hanci, ta karkata kai ta gefen idon da ya fi dama-dama. A hankali abin ya fito mata. Layin suna fayau, ba komai a kai. Sunan yana can sama a kan tambari, sana'a ta hau kan rubutun hedikwata, kwanan wata na yawo a inda ba kowa. A ƙasa kuwa ga sa hannun Yallaɓai, ga hatimi, tsaf. Ta ɗauki ta biyu, ta goma, ta ƙarshe. Duk kanwar ja ce.

Innalillahi! Ta zauna a kujerarta. Ba lalacewar takardun ce ta fi tsorata ta ba. Tambayar da za ta biyo baya ce: ta farko ta fito a karkace, me ya hana ki gani, har kika bi ta da arba'in da bakwai? Wannan tambaya amsarta ɗaya ce tak. Wata goma sha huɗu! Ta ji haushin Injiniya, ta ji haushin hedikwata, ta ji haushin tsohon malaminta da ke kabari, sannan ta ji kunya, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun ranar da ta fara cin albashi. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Ta ɗauki takarda ɗaya ta hau matakalar, ba ta ko ƙirga ba.

"Ranka ya daɗe, a duba wannan."

Ya karɓa. Ya ɗaga ta sama kamar yadda ya saba, ya daɗe yana kallo, ya gyaɗa kai.

"Madalla. Ai na sa hannu jiya. Akwai wani abu ne?"

Ta tsaya. Mutumin da waƙafi ke hana shi barci yana riƙe da takardar da suna ya hau kan almakashi, yana cewa madalla. Sai shekara shidan nan suka dawo mata gaba ɗaya: jan biron da aka ajiye, jawaban da yake haddacewa ya ce karantawa daga takarda raini ne ga masu sauraro, yadda yake laluben gefen takarda da yatsa kafin ya sa hannu.

"Yallaɓai," ta ce a hankali, "sunan ba ya kan layi. Duka arba'in da takwas ɗin."

Ya ajiye takardar. Ya cire tabaransa ya riƙe a hannu.

"Ke kuma da kika buga, Malama, ba ki gani ba?"

"Ban gani ba, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu."

"Ni shida." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. "Wallahi na ɗauka ke ce idona. Kullum in na sa hannu sai in ce, wannan baiwar Allah ba ta kuskure."

"Ni kuma in na sauka sai in ce, da akwai kuskure da Yallaɓai ya gani."

"To wa ya gani?"

"Inna mai shara."

Ya dafe kai. Ita kuwa hawaye ne ya zubo mata, ta bar shi ya zuba, tun da dai ta san ba ganin sa zai yi ba.

Shi ya fara dawowa hayyacinsa. Ya ce ta zauna. Ya lalubi wayarsa ya kira hedikwata, ya sa muryar nan tasa ta da, ta zamanin jan biro. Ya ce sabuntawar da suka aiko ta lalata musu takardun shaida, a aiko da wasu kafin gobe. Ashe sauran rassa ma sun yi kuka, sai dai su ɗaya ɗaya suka ɓata suka tsaya. Jami'in ya tambaya cikin mamaki yadda aka yi har arba'in da takwas, har da sa hannu.

"Mun yarda da aikinku ne," in ji Yallaɓai. "Laifi ne?"

Jami'in ya ba da haƙuri, ya ce za a aiko, amma su sani babu na uku. Da ya kashe wayar ya juyo wajen da take ya ce, "Ba ƙarya na yi ba, Malama. Kuma kwamfuta ba ta da iyali, ba ta jiran ritaya. Bari ta ɗauki laifin."

Sai dai ana wata ga wata. Aka kira Injiniya ya dawo da tsohon salon rubutun, ya ce yana wani reshe mai nisa, kuma sabuwar manhajar ba za ta karɓi wannan tsohon abu ba ko ya zo. Shawararsa mai sauƙi ce: Hajiya ta buga gwaji a farar takarda, ta ɗora a kan ta hedikwata, ta duba, ta dinga matsarwa har ya zauna. Aikin minti goma ne, in ji shi, ga mai ido.

Alhamis da ƙarfe tara direba ya kawo sabon ambulan. Biki ƙarfe biyu. Ana jin ana jera kujeru a farfajiya, ana gwada lasifika. Ba-Gyara ta zauna gaban farin hasken nan, yatsunta a kan maɓallai, tara da talatin da ɗayan da ta rayu a kansu ba su da sauran amfani. Malamai suna da ido, amma suna da baki, kafin azahar labari ya kai hedikwata. Ta daɗe a zaune. Sannan ta ɗauki farar takarda ta saka a firinta, ta buga gwajin farko a shekara talatin da uku.

"Inna!"

Tsintsiya ta tsaya a baranda. "Na'am, uwar ɗakina. Wallahi ban taɓa komai ba."

"Na sani. Shigo ki rufo ƙofa." Ta jira har Inna ta rufe ƙofar. "Zo ki duba mini. Ni... ba na gani sosai."

Ta jira salati, ko tafa hannu, ko tambaya. Ba ko ɗaya. Inna ta jingine tsintsiya, ta goge hannuwanta a zane, ciki da baya, sau biyu. Ta karɓi gwajin ta ɗora a kan takardar hedikwata, ta haɗa kusurwa da kusurwa, ta ɗaga su a hasken taga.

"Sauko da shi. Kamar faɗin yatsa biyu. Kuma ki matso da shi dama da yawa."

Ba-Gyara ta danna, ta sake bugawa. Inna ta sake ɗagawa. Sauko kaɗan. Ya wuce, koma. A gwaji na shida Inna ta ce, "Yawwa, ya hau igiyarsa." Sauka goma sha biyu, tazara saba'in da huɗu. Ba-Gyara ta maimaita a ranta sau uku don ya zauna.

Firinta ta fara jan ta farko. Ba tare da ta juyo ba ta ce, "Inna, ba ki yi mamaki ba."

"Mamakin me?"

"Abin da na gaya miki."

Inna ta karɓi takardar da ta fito da yatsu biyu, ta gefe, ta duba, ta shimfiɗa a dogon tebur.

"Uwar ɗakina, tun ranar da kika zuba shara a ƙasa kusa da kwando kika wuce, na sani. Shekara huɗu ke nan ina auna wurin kujerar nan da tsinken tsintsiya kafin in ɗaga ta, in mayar da ita daidai. Ke kin ɗauka tsoron faɗanki nake ji?" Ta miƙa hannu wajen firinta. "Saka ta biyu, rana na yi. In mun gama kuma a ba ni in hau da su sama da kaina, in nuna wa Yallaɓai inda zai sa hannu. Shi ma tebur ɗinsa ni nake aunawa."